Nijar ta fita daga ECOWAS: tsakanina da Yaya, wa ke da gaskiya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Katsina, ina sayo wake da aya daga Maraɗi. Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya can Maraɗi yake zaune, matarsa da 'ya'yansa duk 'yan Nijar ne. Tun da Nijar ta fita daga ECOWAS muke sa-in-sa da shi. Shi cewa yake fitar nan ita ce 'yancin kai na gaskiya. Ni kuwa gani nake sojoji ne suka guje wa masu matsa musu su yi zaɓe, kuma talaka ne zai ji a jikinsa. Abin ya kai har gaisuwa ta ragu tsakaninmu. Don Allah a warware mini: wa ke da gaskiya, kuma me fitar ta canza ga irinmu masu tsallaka iyaka?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya daidaita tsakaninka da Yaya, ya kuma sa albarka a kasuwa. Idan na fahimce ka, so kake ka san ko ficewar Nijar daga ƙungiyar nan, wadda 'yan'uwanmu na can suke kira CEDEAO, alheri ce ko asara, sannan ka san inda ta taɓa sana'arka. Na daɗe ina aikin takardun shige da ficen kaya tare da ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa shawara a hanyar Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi, kuma gardamar nan taku na sha jin ta a bakin direbobi da 'yan canji da dillalan dabbobi. Amsata a taƙaice ita ce: Yaya yana da gaskiya a kan abin da ya fusata Nijar, amma fitar ba ta ba ta abin da yake zato ba, kuma ta mayar da abubuwan da a da haƙƙinku ne a rubuce suka zama alfarmar da gwamnatoci suke yi muku. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, kuma shi ne ba a cika maganarsa ba.

Yadda aka kai nan

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, Janar Yakubu Gowon da Gnassingbe Eyadema na Togo ne suka fi kowa ɗawainiyarta, kuma Nijar tana cikin waɗanda suka sa hannu tun ranar farko. Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Shugaba Tinubu, suka ƙaƙaba takunkumi, suka ba da wa'adin mako guda a mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfin soja. A 16 ga Satumba Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES. A 28 ga Janairun 2024 suka sanar da cewa sun fita nan take. Sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar da aka sabunta a Kwatano a 1993 ya ce sai an ba da sanarwar shekara guda, don haka a lissafin ECOWAS fitar ta tabbata ne ranar 29 ga Janairun 2025. Daga ƙasa 15 aka koma 12. Mutum sama da miliyan 70 suka fita, tare da fiye da rabin faɗin ƙasar ƙungiyar.

Abin da Yaya ya gani da idonsa

Kada ka raina fushin Yaya, domin wanda yake Maraɗi ko Yamai a watan Agustan 2023 ya ga abin da kai ba ka gani ba daga Katsina. Takunkumin da aka saka wa Nijar ya fi wanda aka saka wa Mali a Janairun 2022 tsanani. Na Mali an keɓe abinci da magani da man fetur da wutar lantarki, an ce waɗannan su ci gaba da shiga. Na Nijar ba a keɓe komai ba. Aka rufe iyaka ta ƙasa da ta sama, aka ƙulle kuɗin gwamnati a babban bankin yankin, Najeriya ta katse wutar da ke zuwa ta layin Birnin Kebbi, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanville ta ƙasar Benin, bakin gadar da ke shiga Gaya ta Nijar, da shinkafa da magani a cikinsu. Kafin ƙarshen shekarar gwamnatin soja ta zabtare kasafin kuɗinta da kashi 40 cikin ɗari. A ɓangarenmu ma na ga motocin albasa sun tsaya har kayan suka ruɓe, na ga mutanen da jarinsu ya karye a wannan damina, wasu har yau ba su tashi ba.

Sai kuma barazanar yaƙi. Jihohin Najeriya bakwai ne suke iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Duk wanda ya san cewa sarautar Maraɗi daga Katsina ta fito, ya san Tsibiri da Gobirawan Sabon Birni jini ɗaya ne, ya san abin da kalmar yaƙi take nufi a nan. Shi ya sa Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da soja a farkon Agusta, shi ya sa Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka tafi Yamai, Sarki Muhammadu Sanusi ya tafi, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta tafi. Mutumin da aka kashe wa wuta, aka hana shi magani, sannan aka ce za a kawo masa yaƙi, ba zai tsaya karanta sashe na 91 ba. Taken nan na "zancen ƙasa ne" da ya cika titunan Nijar daga wannan raɗaɗin ya samu ƙarfi. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, bayan Gowon da kansa ya fito ya roƙa, amma wata guda kenan da sanarwar fita. An makara.

Akwai wata hujjar Yaya da ni ma nake ganin ƙarfinta. A 2001 ECOWAS ta amince da yarjejeniyar dimokuraɗiyya da ta haramta karɓar mulki ta hanyar da tsarin mulki bai yarda ba. Ta taɓa aiki da ita a kan farar hula, domin ta dakatar da Nijar a 2009 lokacin tazarcen Tandja Mamadou. Amma a 2020 Alpha Conde a Gini da Alassane Ouattara a Kwaddibuwa suka yi wa'adi na uku, ba a rufe wa kowa iyaka ba. A 2024 Togo ta sauya tsarin mulki ta yadda Faure Gnassingbe zai ci gaba da riƙe ƙasa, nan ma shiru. Idan mai kaki ya yi a hukunta al'ummarsa baki ɗaya, mai babbar riga ya yi a kau da kai, to dole mutane su ce ƙungiyar ta shugabanni ce, ba tasu ba. Haka nan batun tsaro: shekara da shekaru ana kashe mutane a Tillaberi da Diffa, ba a ga rundunar ECOWAS ba, sai da aka taɓa kujerar shugaba aka fara maganar rundunar ko-ta-kwana.

Inda hujjarsa ta yi rauni

To amma a nan kai ne kake da abin faɗa. Ba a tambayi 'yan Nijar ba. Da Birtaniya za ta fita daga Tarayyar Turai, ƙuri'ar raba gardama aka yi a 23 ga Yunin 2016, kashi 52 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna, aka yi shekara uku da rabi ana jayayya a majalisa kafin a fita a 31 ga Janairun 2020. Har yau suna gardama, amma kowa ya san adadin waɗanda suka zaɓi me. A Nijar wani kanar ne ya karanta sanarwa a talabijin ranar Lahadi. Babu majalisa, babu ƙuri'a. An yi manyan tarukan goyon baya a Yamai, kuma ban ɗauke su na haya ba, mutane da yawa da zuciya ɗaya suka fito. Sai dai taron fili ba ya ƙirga wanda ya zauna a gida, kuma a ƙasar da aka rushe jam'iyyun siyasa a Maris na 2025, aka rantsar da Tiani a kan wa'adin shekara biyar, mai adawa da fitar ba shi da inda zai tsaya ya faɗi ra'ayinsa hankali kwance. Zaman ƙasa cikin ECOWAS yana tafe da matsin lambar sa ranar zaɓe. Fita ta kawar da wannan matsin. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba kafin a ga wanda ya amfana da hakan.

Sannan ka tambayi Yaya, cikin ladabi, da wane kuɗi ya yi cefane yau. Abin da mutane suka fi ƙi a alaƙarsu da Faransa shi ne kuɗin saifa, wanda darajarsa ke ɗaure da yuro. Saifa ba ta ECOWAS ba ce. Ta wata ƙungiya ce daban, UEMOA, mai ƙasashe takwas, hedikwatarta a Wagadugu, babban bankinta a Dakar. Nijar da Mali da Burkina ba su fita daga wannan ba lokacin da suka bar ECOWAS. Sojojin Faransa kuwa sun gama ficewa daga Nijar a Disamban 2023, tun ƙasar tana cikin ECOWAS, wato korar su ba ta buƙaci fita ba. Ƙungiyar da aka bari ita ce wadda Najeriya da Ghana suke ciki, wadda Gowon ya yi fafutukar kafawa don a haɗa masu Turancin Ingilishi da masu Faransanci a inuwa guda, a rage tasirin tsoffin iyayengiji. A ganina wannan babban kuskure ne a lissafin masu murna, kuma yana yi mini ciwo.

Abin da ya canza a bakin iyaka

Nan ne fagena, bari in daɗe a kai. A zahiri, ranar da fitar ta tabbata babu abin da ya tsaya. ECOWAS ta fitar da sanarwa a 29 ga Janairun 2025 cewa ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiyar daga 'yan ƙasashen uku, su ci gaba da barin su shiga ba biza, su ci gaba da ɗaukar kayansu a tsarin rangwamen harajin ƙungiyar, har sai an sake ba da wata sanarwa. Su ma ƙasashen AES tun a Disamban 2024 suka ce 'yan ECOWAS su shiga ba biza, tare da cewa kowace ƙasa tana da ikon hana wanda ba ta so. Shi ya sa ka ci gaba da wucewa ta Jibiya zuwa Ɗan Isa kamar da, wani ta Illela zuwa Ƙonni, wani ta Kongolam zuwa Matamaye. Yaya zai ce ka gani, ina bala'in da aka yi ta hasashe?

Ka lura da wannan jimlar, har sai an sake ba da wata sanarwa. Tun 1979 akwai yarjejeniyar zirga-zirga da ta ba ɗan kowace ƙasar ECOWAS ikon shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza, daga baya aka ƙara ikon zama da kafa sana'a. Akwai tsarin da ya ce amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu na yankin su wuce ba harajin shigo da kaya, kuma wakenka da ayarka a nan suka faɗa. Akwai katin inshorar mota na yankin da direba ke tsallakawa da shi. Akwai takardar makiyaya ta 1998 da Bafulatani ke kora shanunsa da ita daga Dakwaro zuwa kudu idan rani ya yi. Duk waɗannan a da alkawari ne da ƙasa ta sa wa hannu. Yanzu tsakanin Nijar da ECOWAS suna tafiya ne bisa sanarwar da za a iya janyewa da wata sanarwar. Kamar wanda yake zaune a gidan gado ne aka wayi gari ya zama ɗan aro: ɗakin bai canza ba, amma yanzu kwanansa a hannun mai gida yake.

Za ka ce ai takardar ba ta taɓa hana jami'i karɓar na goro ba. Gaskiya ne, kuma na fi kowa sani. Shingayen da ke tsakanin Maraɗi da Dawanau ba su taɓa jin tsoron wata yarjejeniya ba. Najeriya da kanta ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 a zamanin Buhari, kowa yana cikin ECOWAS, ba wanda ya iya hana ta. A 1983 ma gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, yarjejeniyar 1979 tana nan. Amma a aikina na ga bambancin da takarda take yi. Idan aka tsare motar ɗan ƙungiya aka nemi harajin da doka ba ta sani ba, muna zuwa wurin babban jami'i da kwafin yarjejeniya a hannu, kuma sau da yawa a sake ta, domin shi ma ba ya son a rubuta sunansa a ƙorafi. Wanda yake da haƙƙi ƙorafi yake yi. Wanda ake yi wa alfarma sai roƙo, kuma kuɗin roƙo ya fi yawa. Dattawan zango a Kumasi da Accra suna tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar Ghana, Hausawa da Zabarmawa da Yarabawa suka bar gidaje da shaguna. A lokacin babu ECOWAS, babu wata takarda da za a ɗaga.

Ga kuma abin da ya sa nauyin ya fi faɗowa a kanku. Tunda Nijar tana cikin UEMOA, ɗan Nijar da ke Kwatano ko Lome ko Abidjan ko Dakar yana da wata rumfar da zai fake, domin ita ma waccan ƙungiyar tana da nata tsarin zirga-zirga da na kaya. Najeriya da Ghana ba sa cikinta. Ashe inda ECOWAS ce babbar igiyar da ta ɗaure alaƙar a rubuce shi ne tsakanin Nijar da Najeriya, da tsakanin Nijar da Ghana. Wato hanyar shanu da raguna zuwa Maigatari da Illela, hanyar albasar Galmi zuwa Accra, hanyar 'yan ci-rani zuwa Kano da Legas. Hanyoyin Hausawa kenan.

Akwai asarar da ba a gani a kasuwa. Kotun ECOWAS da ke Abuja tana karɓar ƙarar mutum ɗaya a kan gwamnatinsa ba sai ya gama da kotunan gida ba. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya, ta kai ƙarar Nijar a wannan kotu a kan gazawar kare ta daga bauta, ta yi nasara a 2008, aka biya ta diyya. Ita ce kotun da ta ce a saki Bazoum a Disamban 2023, ba a bi ba. Ko ana bin hukuncinta ko ba a bi, ƙofa ce da talakan Nijar yake da ita, yanzu an rufe masa.

Tsadar kayan da Yaya yake fama da ita kuwa, a yi adalci, ba duka fitar ce ta jawo ba. Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris na 2024, Nijar ta buɗe nata ɓangaren a cikin watan. Iyakar Benin ce Nijar ta bari a rufe bisa zargin cewa ana shirya mata maƙarƙashiya daga can, kaya suka koma bin Lome su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera da rakiyar soja. Hanya ce mai nisa da haɗari, kuma kuɗinta a kan mai saye yake ƙarewa. Wannan rikicin siyasa ne tsakanin maƙwabta biyu, da zai iya faruwa ko ana cikin ƙungiya ɗaya.

Abin da nake ba ka shawara

Ni ba masanin tsaro ba ne, don haka ba zan yanke maka hukunci a kan ko rundunar haɗin gwiwar AES za ta fi abin da aka bari ba. Iyakata takardu da kaya da hanya. A nan shawarata ita ce ka daina dogaro da sabo. Ka riƙe fasfo ko katin shaida mai rai, kai da direbanka. Ka karɓi rasit a kan duk abin da ka biya a duwan ko kwastan, ka ajiye. Kafin ka loda babbar mota ka tambayi wakilin ƙungiyarku da ke bakin iyaka halin da ake ciki a wannan makon, domin Nijar takan hana fitar da hatsi idan ta ga damina ba ta yi kyau ba, kuma irin wannan umarni ba ya jiran kowa. Iyalan Yaya da ke zuwa Katsina karatu ko asibiti su ma su gyara takardunsu tun babu matsi. AES ta fara ba da nata fasfo tun Janairun 2025, ta kuma sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje don ɗaukar nauyin ƙawancen, alamar cewa ba shirin dawowa suke yi ba. Shugaba Bassirou Diomaye Faye na Senegal da Faure na Togo an ɗora musu shiga tsakani a 2024, ba su iya juyo da su ba.

Fita kuma ba ita ce ƙarshen alaƙa ba. Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, a 2017 ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar hulɗa ta kasuwanci da ƙungiyar ba tare da ta koma mamba ba. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, ta girmi ECOWAS, ofishinta yana Yamai. Ana shimfiɗa layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, kuma jirgin da zai bi shi dole a rubuta dokar da kaya da fasinja za su wuce a kanta. A watan Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Yamai aka fara dawo da magana bayan zarge-zargen da Tiani ya yi wa Najeriya cikin harshen Hausa a Disamban 2024.

Idan ka kira Yaya, fara da amsa masa cewa abin da aka yi wa Nijar a 2023 zalunci ne ga talaka, domin haka ne, kuma ina zaton wannan yake jira ya ji daga bakinka. Bayan haka ka nuna masa cewa ko fitar daidai ce ko kuskure, ku biyun buƙatarku ɗaya: ƙungiyar 'yan kasuwar Katsina da takwararta ta Maraɗi su rubuta wa gwamnatocinsu da hukumar haɗin gwiwar, su nemi a sa hannu a yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu wadda za ta tabbatar da shiga ba biza, da wucewar amfanin gona da dabbobi ba haraji, da wa'adin sanarwa kafin kowane ɓangare ya rufe iyaka ko ya katse wuta.